Na ji ciwo a bakin gobara ba a rubuta ba, ko diyyata ta tafi ke nan?

Tambaya: Ni ɗan kwana-kwana ne, shekarata shida a aiki. Wata uku da suka wuce muna jan tiyo a matakalar bene sai na ji bayana ya amsa. Na gaya wa ogana, ya ce in daure, kowa ya taɓa ji. Na daure, ba a rubuta komai ba. Yanzu ciwon ya sauko har ƙafa, likita ya ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ne ya goce. Da na nemi diyya sai aka ce ina shaidar cewa a wurin aiki abin ya faru. Haƙƙina ya tafi ke nan? Kuma me ya kamata hukuma ta riƙa yi don kada irin haka ta samu wani?

Amsa: Ƙanena, sannu da jiki, Allah ya sawwaƙe. Diyyarka ba ta tafi ba tukuna, amma kwanakinta suna ƙarewa, don haka zan fara da abin da ba ya jira.

Na yi shekaru ina hawa mota kamar kai, daga baya aka mai da ni sashen kiyaye haɗurra, inda fayil ɗin duk wanda ya ji ciwo yake biyowa ta teburina. Irin naka ne ya fi yawa. Mutanen waje suna ɗauka ƙuna ce ke cika mana fayil, alhali baya ne da gwiwa da kafaɗa. A Amurka, inda ƙungiyar kiyaye gobara ta ƙasar, NFPA, ke ƙidayar abin, 'yan kwana-kwana sama da 60,000 ne suka ji rauni a kowace shekara daga 2019 zuwa 2023, kuma targaɗe da ciwon jijiya ne a kan gaba. Saboda haka kada wani ya sa ka ji kamar ka zo da baƙon abu.

Kusan kowane tsarin diyya yana da wa'adi biyu. Akwai gajere, na sanar da wanda kake yi wa aiki, wanda a wurare da yawa kwanaki ne ko 'yan makonni. Akwai kuma dogo, na shigar da buƙatar diyyar kanta, wanda yawanci ake lissafa shi da shekara. Mai yiwuwa na farkon ya wuce ka a takarda, amma dokoki da yawa suna karɓar uzuri idan aka nuna shugabanka ya san da abin tun ranar. Kai kuwa ka gaya wa oganka da baki. "Ka daure" ɗin da ya ce maka, duk da ita ce ta jefa ka cikin wannan hali, ita ce kuma shaidarka ta farko, don ba a ce wa mutum ya daure sai an san yana jin ciwo. Nemi ainihin wa'adin da ke aiki a kanka a wurin ƙungiyarku ko wani lauya da ya san shari'ar ma'aikata, a makon nan. Ka tambaya kuma ko kuna ƙarƙashin tsarin diyyar ma'aikata na kowa da kowa ne, ko masu kayan sarki suna da nasu dabam a cikin dokar fansho, don ƙasashe sun bambanta a nan.

Sai tattara shaida. An ce maka babu, amma akwai, warwatse take kawai. Rajistar fita ta tasha tana ɗauke da ranar da lokacin da motarku ta fita da adireshin gobarar. Jadawalin duti yana nuna kana kan motar. Abokan da kuka ja tiyon tare ganau ne. Kowa ya rubuta abin da ya gani da hannunsa, da kalmominsa, ya sa hannu da kwanan wata. Kada ku zauna ku tsara magana ɗaya, don mai bincike na ganin takardu huɗu masu jimla iri ɗaya zai watsar da su duka. Duba wayarka ma: idan daren nan ka aika wa wani saƙo cewa bayanka ya riƙe, wannan saƙon ya fi rantsuwa goma daraja, saboda an rubuta shi kafin maganar kuɗi ta taso. Haka rasit ɗin maganin ciwon jiki da ka saya washegari.

Abin da ya fi ɗaure ko kwance irin wannan fayil shi ne abin da ka gaya wa likita ranar farko. Na ga fayil ɗin wani abokin aikina ya lalace a kan layi ɗaya: likita ya tambaye shi yaushe ciwon ya fara, ya ce "ya ɗan jima", aka rubuta haka. Bai yi ƙarya ba, kunyar ƙorafi ce kawai irin tamu, amma kamfanin inshora ya riƙe wannan layin har ƙarshe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Koma wurin likitanka, ka ba shi labarin dalla-dalla, ka roƙe shi ya rubuta ra'ayinsa ko irin wannan gocewar ta dace da jan kaya mai nauyi a matakala. Kada ka ƙara gishiri, kada kuma ka ɓoye tsohon ciwo idan akwai. Za su ce maka ai bayan kowane mai shekaru yana lalacewa da kansa, hoton asibiti ma ya nuna. Amsar ita ce a yawancin tsare-tsare, idan aiki ya tayar da ciwon da yake kwance ko ya tsananta shi, wannan ma rauni ne na aiki. Gwajin lafiyar da aka yi maka ranar ɗaukar ka aiki zai taimake ka a nan, nemi kwafinsa.

Yanzu ka fahimci ƙofofin da ke gabanka, don mutane suna cakuɗa su. Ƙofa ta farko ita ce diyyar da ba a neman mai laifi. Jamus ce ta fara ta da dokar inshorar haɗari ta 1884, Birtaniya ta biyo da tata a 1897, daga nan ta bazu. A nan ba a tambayarka laifin wa. Ko kai ne ka taka ba daidai ba, abin da ake so kawai shi ne raunin ya faru a cikin aiki kuma saboda aiki. Yarjejeniya mai lamba 121 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1964, ta zayyana abin da ya kamata tsarin ya ƙunsa: kuɗin magani, madadin albashi lokacin jinya, biya don naƙasa ta dindindin, da kason iyali idan an rasa rai. Ta sa mafi ƙarancin madadin albashi ga magidanci mai 'ya'ya biyu a kashi 60 cikin 100. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba, amma ma'auni ne mai kyau na gane ko ana ƙwarar ka. Fayil ɗinka ta wannan ƙofar zai bi.

Ƙofa ta biyu ita ce ƙarar sakaci a kotu. Kuɗinta ya fi yawa, wahalarta ma ta fi, kuma a jihohin Amurka da yawa idan kana cikin tsarin farko an rufe maka ita a kan hukumarka, yayin da a Birtaniya take buɗe. Shari'u biyu na Ingila sun isa su nuna maka yadda alƙalai ke kallon aikinmu. A shari'ar da aka yanke a 1954, wani ɗan kwana-kwana mai suna Watt ya yi ƙarar ƙaramar hukumar Hertfordshire. An kira su ceton wata mata da babbar mota ta danne, motar da aka tanada don ɗaukar babban jak ba ta nan, aka ɗora shi a kan wata ba tare da ɗauri ba, direba ya taka birki, jak ɗin ya zame ya ji masa ciwo. Kotu ta ce ceton rai ya halatta ɗaukar wannan kasadar, ya faɗi. A 1987 kuma, a shari'ar Ogwo da Taylor, wani mai gida ya ta da gobara da sakaci yana ƙone tsohon fenti da wuta, tururi ya ƙona ɗan kwana-kwanan da ya shiga cikin rufin, kuma babbar kotun ƙasar ta ce mai gidan ya biya. Ta ƙi bin ƙa'idar da ke wasu jihohin Amurka, wadda ke hana ɗan kwana-kwana ƙarar wanda sakacinsa ya ta da wutar. Abin da na koya shi ne ƙarar sakaci ta fi ƙarfi idan kuskuren an yi shi ne lokacin da hankali ke kwance: tsanin da wa'adin gwajinsa ya wuce, tukunyar iskar numfashi da ba a duba ba, mutum uku a kan tiyon da ke buƙatar biyar kuma an sha yin ƙorafi a rubuce. Hukuncin da kwamanda ya yanke cikin daƙiƙa goma a bakin wuta, da wuya kotu ta kama shi. Akwai ƙofa ta uku, ƙarar kamfanin da ya ƙera kayan da suka ci amanarka, amma ba ta shafe ka ba.

Gargaɗi ɗaya kafin in wuce: kada ka sa hannu a takardar sallama ta "an biya an gama" kafin likita ya ce ciwon ya tsaya inda zai tsaya. Faifan baya yakan lafa da motsa jiki da magani, yakan kuma kai ga tiyata. Wanda ya karɓi kuɗi dunƙule a wata na huɗu, shi zai biya tiyatar wata na goma. In an ba ka aiki mara nauyi na wucin gadi, karɓa, amma likita ne zai rubuta iyakar abin da za ka ɗauka, ba oga ba.

Naka rauni ne mai rana da lokaci, kuma duk da haka ka ga yadda ake jayayya. To ka yi tunanin waɗanda ba su da rana. Babban mai kashe ɗan kwana-kwana a bakin aiki zuciyarsa ce, ba harshen wuta ba. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta New England a 2007 ya nuna ciwon zuciya ne sanadin kusan kashi 45 cikin 100 na mace-macen 'yan kwana-kwana a kan duti a Amurka, kuma duk da cewa kashe wuta kanta ba ta wuce kashi 1 zuwa 5 na lokacin aikinsu ba, a cikinta kusan kashi 32 na mutuwar zuciyar ke faruwa. Dalilin a fili yake: mutum na barci ƙararrawa ta tashe shi, ya sa kaya masu nauyin sama da kilo 20, ya hau bene cikin zafi, gumi ya ƙarar masa da ruwan jiki, jini ya yi kauri. Wani ba ya faɗuwa sai ya koma gida. Shi ya sa a 2003 Amurka ta yi dokar da ke ɗaukar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki da ya kashe ma'aikaci cikin awa 24 bayan aiki mai tsanani a matsayin mutuwa a bakin aiki.

Hayaƙi kuma shaidarsa guduwa take yi. Iskar kabon monoksaid tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu, amma rabinta na fita daga jiki cikin awa huɗu zuwa biyar, ko cikin kamar awa ɗaya da rabi idan an sa wa mutum oksijin. Wanda ya shaƙi hayaƙi ya ce bari ya ga zuwa gobe, gobe gwajin jininsa zai fito kusan fes, ya rasa hujja, ya kuma yi wasa da ransa.

Sai cutar kansa, wato ciwon daji. A 2022 hukumar IARC, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya mai binciken cutar, ta sa aikin kashe gobara a rukuni na ɗaya, wato abin da aka tabbatar yana jawo cutar kansa ga ɗan Adam, musamman ta mafitsara da ta rufin huhu wadda ƙurar asbestos, wani kayan gini na da, ke haddasawa. Kafin nan, binciken NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, a kan 'yan kwana-kwana kusan 30,000 na San Francisco da Chicago da Philadelphia ya samu ƙarin kashi 9 cikin 100 na kamuwa da ƙarin kashi 14 na mutuwa da cutar, idan aka gwada su da sauran jama'a. Matsalar ita ce babu likitan da zai iya nuna wace gobara ce cikin ɗaruruwa ta shuka cutar shekara 20 baya. Maganin da wasu ƙasashe suka samo shi ne juya nauyin hujja: idan ka yi shekaru kaza a aiki kuma ka kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, doka ta ɗauka aiki ne ya jawo, sai wanda ya ƙi ya kawo hujjarsa. Lardin Manitoba ne ya fara a Kanada a 2002. Ostireliya ta yi tata ta tarayya a 2011 da nau'in kansa 12, inda ta ƙwaƙwalwa ke buƙatar shekara 5 a aiki, ta mafitsara 15. Wanda ke shakkar cewa cutar na jira, ya duba New York: 'yan kwana-kwana 343 suka mutu a harin da aka kai wa tagwayen benaye ranar 11 ga Satumba 2001, kuma zuwa Satumbar 2023 adadin ma'aikatan hukumar kashe gobara ta birnin da cututtukan wurin suka kashe daga baya ya kamo wancan. Inda babu irin wannan doka, abin da zai tsaya maka shi ne littafinka na kanka. Sayi ƙaramin littafi, duk gobarar da ka je ka rubuta rana, abin da ya ƙone, tsawon lokacin da ka yi a ciki, da ko ka cire takunkumi. Minti biyu ne. Ciwon da ke kama tunani bayan ganin abin tashin hankali shi ma yana cikin jerin cututtukan aiki na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 2010, sai dai mu ne muka fi kowa ɓoye shi.

Ɓangare na biyu na tambayarka ba dabam yake da na farko ba, don takardar da za ta ciyo maka diyya ita ce takardar da za ta hana na bayanka jin ciwo. Da an rubuta raunin nan ranar, da wani ya tambaya mutum nawa ne a kan tiyon, cike yake da ruwa aka ja shi ko a bushe, awa nawa kuka yi ba hutu. Da oganka ya ce ka daure, hukumar ya hana sanin waɗannan. Ban cika ɗora wa irinsa laifi shi kaɗai ba. Duk inda ake yaba wa tasha don ta yi wata shida "babu rauni", an koya wa shugabanninta ɓoye rauni ne. Tashar da rahotonta ya yi fari fat ita nake fara zuwa dubawa. Hukuma mai hankali tana karɓar har rahoton abin da ya kusa faruwa bai faru ba, ba tare da hukunta wanda ya kawo shi ba, don idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa ake yi, kuma ba za ka shafa ba sai ka ji labari.

A bakin wuta, ƙa'idar da ta fito daga hukumar kashe gobara ta birnin Phoenix na Amurka zamanin shugabanta Alan Brunacini ita ce har yanzu ban ga wadda ta fi ta ba: a yi kasada babba, cikin lissafi, don ran da za a iya ceta, kasada kaɗan don dukiyar da za a iya ceta, ba a yin kasada ko kaɗan don abin da ya riga ya tafi. Faɗinta da sauƙi. A Disambar 1999, a garin Worcester na Amurka, 'yan kwana-kwana shida suka mutu a wani tsohon gidan sanyi na ajiyar kaya mai hawa shida da kusan babu taga, bayan an ce akwai marasa matsuguni a ciki, alhali sun riga sun fice. Biyu suka ɓata, masu neman su ma suka ɓata, har wani kwamanda ya tsaya a ƙofa ya hana ƙarin mutane shiga. Kullum kwamanda ya san wa ke ciki da yawan iskar da ta rage masa, kuma a bi ƙa'idar nan da Amurka ta sa a dokarta a 1998: mutum biyu a ciki tare, biyu a waje a shirye don ceto su. Wutar ma ta canja. A gwajin da UL, wata cibiyar gwajin kayayyaki ta Amurka, ta yi, ɗaki mai kayan zamani na roba da soso ya kama gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 5, mai kayan da na katako da auduga ya ɗauki kusan minti 30. Wanda ya koyi aiki a tsohuwar wuta yana koya wa yara lissafin lokacin da ba ya nan.

Sauran abubuwan ba su da armashi, amma su ne ke rage fayil. Kada a cire takunkumi lokacin tonon toka bayan wuta ta mutu, don a lokacin ne guba ke tashi ba a gani. A wanke kaya da ruwa da sabulu tun a wurin. Wani binciken NIOSH na 2017 ya nuna hakan na cire kusan kashi 85 na wani rukunin guba daga rigar, goge wuya da tsumma mai jiƙe kuma na cire kusan rabi daga fata. Mu a zamaninmu hular kwano mai baƙin hayaƙi abin taƙama ce, ni ma na yi wannan wautar. Kada a shiga ɗakin kwana da rigar wuta, kada a bar hayaƙin dizal ya cika garejin tasha, don IARC ta sa shi ma a rukuni na ɗaya tun 2012. A zaunar da mutum ya huce ya sha ruwa bayan tukunyar iska ta biyu, ko ya rantse lafiyarsa ƙalau. A ɗaura bel a mota. A yi gwajin lafiya kowace shekara, a kuma tabbatar wa mutane cewa gano hawan jini ba kora ba ce, in ba haka ba za su guje wa gwajin. Don baya irin naka kuwa: isassun hannaye a kan tiyo, atisayen ɗaga nauyi da ƙarfin cinya, da motsa jiki a cikin lokacin duti, ba a bar wa mutum ya nemi lokacinsa ba.

Gobe da safe rubuta wa shugaban tasharku takarda shafi ɗaya. Ka sa ranar gobarar da lokacinta, abin da kake yi sa'ad da bayan ya amsa, wanda ka gaya wa da abin da ya ce maka, ba zagi ba zargi, sunayen waɗanda ke kusa, da sakamakon likita. Ka ƙare da roƙon a shigar da abin a rajistar haɗurra, a kuma ba ka fom ɗin diyya. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, ka ajiye shi a gida, ba a lokarka ta tasha ba. In aka ƙi karɓa, aika ta hanyar da za ta bar shaidar isa, ka kai wa ƙungiyarku kwafi a ranar.